Mitar da Ba Ta San Lokaci Ba

A ƙarshen shekarar 1894, lokacin hutun Kirsimeti, Samuel Insull ya koma ƙasarsa ta haihuwa, Ingila, ya sauka a garin Brighton da ke bakin teku domin ya huta. Shekarunsa 35 a lokacin, kuma shekara biyu ke nan da karɓar shugabancin kamfanin wutar lantarki na Chicago Edison a Amurka, bayan ya daɗe yana yi wa Thomas Edison aiki, tun daga matsayin sakatare. Kamar yadda masu rubuta tarihinsa suka bayar, da dare ya yi sai ya ga kantunan garin reras, kowanne fitilunsa na lantarki a kunne, tamkar wutar kyauta ce. Abin ya ɗaure masa kai. A Chicago wutar lantarki kayan alatu ce, mafi yawan gidaje da shaguna da fitilar gas suke gani, kuma injinan kamfaninsa sukan wuni a zaune babu mai neman wutarsu.

Ya nemi mai kula da wutar garin, aka haɗa shi da wani injiniya kusan sa'ansa, Arthur Wright. Sirrin da Wright ya nuna masa ɗan ƙaramin abu ne da ake kafewa a bango kusa da mitar da kowa ya sani. Ita mitar farko tana ƙirga yawan wutar da mutum ya sha a wata. Wannan ta biyu kuwa tambaya ɗaya take amsawa: mene ne nauyi mafi girma da wannan mutum ya ɗora wa tashar a lokaci guda? Daga wannan na'ura aka gaji abin da har yau manyan masu amfani da wuta ke biya a ƙasashe da yawa da sunan kuɗin ƙololuwar buƙata, kuma daga gare ta haruffan MD da ke jikin takardar kuɗin wutar masana'antu a Nijeriya suka samo asali.

Auna abin da ba a gani

Kafin a kai ga ƙololuwa, sai da aka sha wahalar auna wutar kanta. Kamfanonin farko da yawa ƙwan fitila suke ƙirgawa, su yanka wa kowane ƙwai kuɗin wata, ko an kunna ko ba a kunna ba. Sakamakon ba boyayye ba ne: wanda ya riga ya biya ba ya ganin dalilin kashe fitila. Edison ya ƙi wannan hanya. Da ya buɗe tasharsa ta Pearl Street a New York ranar 4 ga Satumba 1882, ya so ya sayar da wuta da ma'auni kamar yadda kamfanonin gas ke yi. Mitarsa kwalba ce mai ruwan sinadari da faranta biyu na ƙarfen tutiya a ciki. Wani ɗan kaso na wutar gidan yana ratsa ruwan, yana kwasar ƙarfe daga faranti ɗaya zuwa ɗayan. Ƙarshen wata ma'aikaci ya zo ya cire farantan, a kai su ofis a ɗora a sikeli, bambancin nauyin shi ne kuɗin wuta. Saboda sanyin New York har ƙwan fitila aka saka a cikin akwatin, mai kunna kansa idan ruwan ya kusa daskarewa. Mai gida ba shi da hanyar duba lissafin da kansa, sai abin da kamfani ya ce, kuma ƙorafin da wannan ya haifar ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa karɓar bil na ƙiyasi.

Ba a daɗe ba aka wuce wannan. A 1888 Oliver Shallenberger na kamfanin Westinghouse ya ƙera mita mai juyawa da ƙarfin maganaɗisu, a 1889 kuma Ottó Bláthy a Budapest da Elihu Thomson a Amurka suka fito da nasu. Faifan nan mai zagayawa a bayan gilashi, wanda ya shekara ɗari a bangon gidajen duniya, jikan waɗannan ne. Zuwa farkon shekarun 1890 matsalar ƙirga yunit ta kau. Sai dai kamfanoni suka gano cewa yunit ɗin da suke ƙirgawa ba shi ne ke cin kuɗinsu ba.

Lissafin Hopkinson

Wanda ya fara shimfiɗa maganar dalla-dalla shi ne John Hopkinson, injiniya kuma masanin lissafi ɗan Manchester, a wani jawabi da ya yi wa ƙungiyar matasan injiniyoyi a 1892 kan abin da samar da wutar lantarki ke ci. Tushen hujjarsa shi ne cewa wuta ba ta ajiyuwa. Kamfanin gas yana dafa kwal dare da rana, ya tara gas a manyan tankuna, ya saki da magariba. Kamfanin ruwa yana da tafki. Mai wutar lantarki kuwa dole ya samar da ita a daidai daƙiƙar da aka danna makunni. Akwai batura a wancan zamani, wasu tashoshi ma sun yi amfani da su, amma tsadarsu ba ta bari su zama rumbu na gaske ba. Saboda haka girman tasha, da kaurin waya, da yawan tukwanen tururi, duk ana auna su ne da sa'a mafi tsanani a shekara: yammacin hunturu, lokacin da duhu ya shigo da wuri alhali ofisoshi da kantuna ba su tashi ba, gidaje kuma sun fara kunna nasu. A Landan hazo mai kauri kan iya rufe gari da rana tsaka, kowa ya kunna fitila a tare, tashar da ba ta shirya ba ta durƙushe.

Hopkinson ya raba kuɗin da tasha ke kashewa gida biyu. Akwai na gudana, wato kwal da man inji da ruwa, waɗanda ke ƙaruwa da kowane yunit. Akwai kuma na tsayuwa: kuɗin ruwan jarin da aka ranto, tsufan injina, haya, da albashin mafi yawan ma'aikata, waɗanda ake biya ko tashar ta yi aiki ko ta wuni shiru. A tashar fitilu ta wancan lokaci kaso na biyu ne mafi girma nesa ba kusa ba. Abin ya yi kama da babbar tukunyar biki: sau ɗaya ko biyu ake ɗora ta a shekara, amma kuɗinta ba ya raguwa don ta kwana a kife. Don haka, in ji shi, adalci shi ne a raba takardar kuɗin wuta ita ma gida biyu: kuɗi tsayayye gwargwadon nauyin da mutum zai iya ɗorawa, wanda shi ne ladan zama cikin shiri dominsa, sai kuma ɗan kuɗi kaɗan a kan kowane yunit.

Misali zai fi fito da batun. A ɗauka akwai ɗakin sanyi na ajiye kifi da ke jan kilowat 10 ba dare ba rana. A wata mai kwana 30, sa'o'i 720 ke nan, ya sha yunit 7,200. A ɗauka kuma akwai zauren biki da ke jan kilowat 200 idan an cika shi, amma sa'o'i 36 kaɗai yake aiki a watan. Shi ma yunit 7,200 ya sha. A idon mitar yunit babu bambanci tsakaninsu ko na kwabo. A idon wanda ya sayi inji da taransifoma, zauren ya ninka ɗakin sanyin sau ashirin. Idan aka yi musu farashi ɗaya, mai kifi ne ke biya wa mai biki kuɗin injinsa.

Inda shawarar Hopkinson ta sami cikas shi ne yadda za a san nauyin kowa. Hanya mafi sauƙi ita ce ƙirga fitilun da ke gidan, amma wannan hukunta mutum ne a kan ƙwan da ya saka a ɗakin ajiya ko a bayan gida, wanda da wuya ya kunna. Mutane suka riƙa ƙin ƙara fitila, alhali ƙarin fitila kamfani yake nema. Hopkinson bai ga yadda maganar ta ƙare ba. A 1898 ya faɗo daga dutse a tsaunukan Alps na Suwizalan tare da 'ya'yansa uku, dukkansu suka rasu.

Wannan giɓi Wright ya cike. Na'urarsa bututun gilashi ce mai lanƙwasa kamar ƙugiya, da ruwan asid irin na batir a ciki, da ƙululu biyu masu iska a bakunansa. An naɗe ƙululu ɗaya da ƙarfen da wutar gidan ke bi. Idan wuta ta yi yawa ƙarfen ya yi zafi, iskar ta kumbura, ta tura ruwan sama har ya tsiyaya cikin wani siririn bututu mai zane-zanen ma'auni. Ruwan da ya tsiyaya ba ya komawa. Ko wutar ta ragu, shaidar tana nan har ranar da mai karanta mita zai zo ya rubuta, ya karkata na'urar ruwan ya koma mazauninsa. Kuma da yake zafi ba ya taruwa nan take, fizgar daƙiƙa ɗaya ba ta shiga lissafi, sai nauyin da ya ɗauki wasu mintuna. Babu agogo a cikinta, babu ƙafa mai juyawa, babu abin da zai lalace. Arha da sauƙinta su ne rabin nasararta.

Tsarin farashin da ya ɗora a kai ya fi na Hopkinson daɗin ji a kunnen mai biya, domin babu wani kuɗi tsayayye a fili. Yunit ɗin da suka yi daidai da amfani da ƙololuwar mutum na sa'a ɗaya kowace rana ana sayar masa da su da tsada, duk abin da ya haura haka kuma da araha ƙwarai. A misalin baya, ɗakin sanyi zai biya yunit 300 da tsada, 6,900 da araha. Zauren biki zai biya 6,000 da tsada, 1,200 kaɗai da araha. Shi ya sa 'yan kasuwar Brighton ba sa kashe fitila: da zarar sun wuce sa'ar farko, sauran daren kusan kyauta ne.

Insull ya koma Chicago da wannan dabara, ya sami hannun jari a haƙƙin sayar da mitar a Amurka, kuma kafin ƙarnin ya ƙare kamfaninsa ya koma kan tsarin Wright. Daga nan ya shiga farautar masu shan wuta a lokutan da injinansa ke zaune: taragon lantarki da ke kai ma'aikata da sassafe, masana'antu da rana, masu yin ƙanƙara da suka yarda su sassauta a sa'o'in cunkoso don a rage musu farashi. Ya kuma lura da wani abu da ya zama ginshiƙin sana'ar. A wata lacca ya ba da misalin wani rukunin gidajen haya a Chicago mai masu amfani da wuta 189: idan aka tara ƙololuwar kowannensu daban-daban ana samun kilowat 68 da ɗoriya, amma nauyin da rukunin ya taɓa ɗorawa a lokaci guda bai wuce kilowat 20 ba, domin ba kowa ke kunna komai a tare ba. Da wannan lissafi ya gina tashar Fisk Street a 1903, da injin tururi mai kilowat 5,000, farashin wuta a Chicago ya yi ta sauka, masu amfani da ita suka yi ta ninkuwa.

Abin da mitar ba ta gani

Amma misalin gidajen hayar nan, in an dube shi da kyau, tuhuma ce a kan mitar Wright. Idan jimillar ƙololuwar mutane ta ninka ƙololuwar tasha sau uku, to ƙololuwar mutum ɗaya ba ita ce ke tilasta sayen sabon inji ba. Abin da ke tilastawa shi ne nauyin da mutum ya ɗora a sa'ar da kowa ke ɗorawa. Gidan burodi da ke kunna manyan injinansa da ƙarfe uku na dare bai ƙara wa tashar ko kusa ɗaya ba, hasali ma taimakonta ya yi. Kantin da ke kunna rabin wannan nauyi da magariba shi ne mai tsada. Ruwan da ke cikin bututun Wright bai san dare ba bai san rana ba, kuma zai fi cin mai burodi tara.

Mutanen zamanin sun san da haka. William Barstow, wanda ke tafiyar da kamfanin Edison na Brooklyn, ya tsaya kai da fata a tarurrukan kamfanonin wuta na ƙarshen shekarun 1890 cewa a yi farashi da lokaci: mita mai agogo, wadda ke ƙirga yunit da tsada a sa'o'in cunkoso, da araha a sauran. Injiniya Gisbert Kapp ya riga ya ƙirƙiro irin wannan mita a Turai. A ma'aunin masana tattalin arziki na yau, Barstow ne ya fi kusa da gaskiya. Duk da haka shi ya sha kaye. Agogon wancan zamani sai an yi masa wani, yana kuma iya ɓata lokaci, wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa Insull da abokansa su ke da rinjaye a ƙungiyoyin kamfanonin, kuma yana da riba a mitar da yake tallatawa.

Sai dai bayanin da ya fi gamsarwa shi ne wanda masanin tarihin tattalin arziki John Neufeld ya kawo a shekarun 1980. Babban abokin hamayyar tashar wuta a farkon ƙarni na ashirin shi ne injin da mutum ya girka wa kansa. Otal-otal, manyan kantuna, dogayen benaye da masana'antu da yawa suna da tukunyar tururi da janareto a ƙarƙashin gininsu, kuma wani babban kaso na wutar Amurka a nan ake samar da shi. Mai irin wannan gini idan zai yanke shawara, lissafinsa ɗaya ne: nawa injin kaina zai ci? Amsar kuwa ta dogara ne da ƙololuwarsa shi kaɗai, domin da ita zai auna girman injin da zai saya, ko da ƙarfe nawa take zuwa. Masana'antar da ke aiki ba tsayawa injinta zai yi mata araha, don haka sai an yi mata rangwame mai yawa kafin ta bar shi. Wanda ke jan wuta jefi-jefi injin kansa zai yi masa tsada, don haka ko an tsawwala masa ba shi da wajen zuwa. Mitar Wright tana auna daidai wannan bambanci. Ashe abin da take nunawa kamfani shi ne iyakar abin da kowane mai saye zai iya jurewa kafin ya juya baya, aka kuma sa mata rigar lissafin kuɗin samarwa. Da jihohi suka fara kafa hukumomin kula da farashi, Wisconsin da New York a 1907, suka tarar da tsarin a zaune da hujjarsa mai kama da adalci, suka amince da shi.

Ba za a ce hujjar ƙarya ce ɗungurungum ba. Taransifomar da ke ƙofar masana'anta da wayar da ta shigo da wuta unguwar dole a auna su da ƙololuwar mai wurin, ko da tsakar dare take zuwa. A nan mitar tana da gaskiya. Kuskuren shi ne ɗora mata kuɗin tasha da manyan layuka, waɗanda ƙololuwar kowa da kowa ke mulki.

Shi Insull ƙarshensa bai yi kyau ba. Daular kamfanonin da ya gina a kan bashi ta rushe a 1932, dubban masu ƙaramin jari suka yi asara, ya gudu Girka, aka dawo da shi aka gurfanar, kotu ta wanke shi, ya mutu a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a Paris a 1938. Tsarin farashin bai bi shi ba. Bututun asid ya ba da wuri ga allura mai tura 'yar'uwarta ta bar ta a inda ta kai, daga baya aka koma lambobi a gilashi, amma tambayar ba ta sauya ba. Mitar yau tana ɗaukar matsakaicin nauyi na kowane minti 15 ko 30, ta riƙe mafi girma a wata. Kamfanoni da yawa a Amurka ma suna riƙe wannan lamba har watanni goma sha ɗaya masu zuwa, su ci gaba da cajin wani kaso nata, ta yadda kuskuren rubu'in sa'a, kamar tayar da dukkan injina a tare bayan hutu, kan bi masana'anta shekara guda.

Ra'ayin Barstow ya dawo ta wata ƙofa. A Faransa Marcel Boiteux ya tsara lissafin farashin sa'o'in cunkoso a 1949, kuma a shekarun 1950 kamfanin wutar ƙasar ya fara sayar wa masana'antu wuta da farashi mai bin sa'a da yanayin shekara. Birtaniya ta kawo wa gidaje farashin dare mai rahusa na sa'o'i bakwai a 1978, ta kuma shekara da shekaru tana cajin manyan masu amfani da wuta kuɗin manyan layuka gwargwadon abin da suka ja a rabin sa'a uku mafi cunkoso na hunturu, abin da ya sa masana'antu suka riƙa hayar masu hasashen ranakun don su kashe injina. Texas tana yin irin haka da watanni huɗu na zafi.

A Nijeriya sunan ya iso, amma tambayar ta juye. Jadawalin farashin hukumar NERC har yau yana raba masu amfani da wuta zuwa masu MD da waɗanda ba su ba, wato manya da ake auna ƙololuwarsu da sauran jama'a. To amma dukkan ginin Hopkinson a kan alkawari ɗaya yake tsaye: ka biya ni ladan zama cikin shiri, ni kuma duk sa'ar da ka danna makunni za ka same ni. Inda wuta ke yin kwanaki ba ta zo ba, kuɗin tsayuwa ya zama biyan ladan shirin da babu shi, kuma jama'a sun yi ta kukan haka har hukumar ta soke tsayayyen kuɗin wata daga Fabrairun 2016, aka narkar da shi cikin farashin yunit. Injin kai da mitar Wright ta taimaka aka kora daga benayen Chicago shi ne ke ruri a Sharaɗa da Bompai da Challawa, kuma mai masana'anta a Kano yana yin lissafin da takwaransa na Amurka ya yi shekara ɗari da ashirin baya, sai dai shi dole ya riƙe injin ko da ya karɓi wutar kamfani.

Tsarin rukuni-rukuni da aka shigo da shi a 2020 ya ɗora farashi a kan sa'o'in da wuta ke samuwa, daga rukunin A mai alkawarin aƙalla sa'o'i 20 a rana zuwa rukunin E mai sa'o'i 4. A Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. A wannan tsari shirin kamfani ake aunawa, da mitar da ke kan layin da ya ciyar da unguwa, kuma ƙa'idar hukumar ta ce layin da ya kasa cika sa'o'insa kwanaki a jere a sauke shi zuwa rukunin da ya dace da wutar da ya bayar.